Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ciwon Auta

Da muka dawo Tawa daga Yamai da takardar likita, sai gida ya rabu biyu. Uwar mijina ta tsaya kai da fata cewa sammu ne, don ina aka taɓa jin yarinya 'yar shekara tara da ciwon suga? Maƙwabta kuwa suka ce alewa na cika ba ta. Wannan maganar ta ci mini rai ƙwarai.

Ƙanena da ke karatun likita a Jami'ar Abdou Moumouni ne ya zaunar da ni. Ya ce, "Yaya, ba alewa ba ce. Garkuwar jikinta ce ta afka wa ƙwayoyin da ke samar mata da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini." Ya ce a cikin jini akwai wasu ƙwayoyin T masu tsawatarwa, aikinsu irin na makiyayi ne mai hana shanu faɗawa gonar mutane. In sun gaza, sai jiki ya shiga cin kansa.

Wani Bajapane, Shimon Sakaguchi, ne ya gano su a 1995. A 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell a Amurka suka gano ƙwayar gadon da ake kira FOXP3, wadda daga baya aka tabbatar ita ke sarrafa su. Yaron da aka haifa da tata a lalace tun yana goye suga ke iya kama shi. Su ukun aka ba kyautar Nobel ta 2025.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne gwajin da aka yi a San Francisco. Ana ɗibar jinin mai suga, a ware waɗannan ƙwayoyi, a hayayyafa su, a mayar masa. Ba su cutar da marasa lafiyar ba, amma ba su raba su da allura ba. Ana gwada su kuma ga waɗanda aka yi wa dashen ƙoda.

Na ce, "To, yaushe zai zo mana?" Ya ce, "Yaya, ko can bai zama magani ba tukuna. Kada ki kuskura ki tsallake mata allura."

Firji ba mu da shi, ga zafin Adar. Sai na sayi ƙaramar tukunyar ƙasa, na kafa ta cikin babba, na cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, nan insulin ke kwana. Inna ce, mai zancen sammu, ta karɓe aikin yayyafa wa yashin ruwa, ba ta yarda kowa ya taɓa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za ku ji yadda muka ƙare da Auta ranar da ta ce sai ta yi azumi.