Abin da aiki da likitoci 'yan gudun hijira ya koya mini

Na yi shekaru ina taya likitocin da yaƙi ya raba da gidajensu neman lasisin aiki a Birtaniya. Da yawansu daga Siriya, Sudan, Iraƙi da Afghanistan suke. Da na fara, na ɗauka aikina shi ne tara littattafai da tsara jadawalin karatu. Ban daɗe ba na gane cewa mutumin da ya shekara goma yana tiyata a asibitin da wuta ke ɗaukewa tsakiyar aiki ya fi ƙarfin in koya masa likitanci.

Harshe ne ke fara tare su. Hukumar rajistar likitoci, GMC, tana neman maki 7.5 a jarrabawar Turanci ta IELTS, ba tare da an yi ƙasa da 7 a kowane ɓangare ba, ko darajar B a dukkan ɓangarori huɗu na OET, jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya. Rubutu ne ya fi ba ɗalibaina wahala. Kuma sakamakon shekara 2 kawai yake aiki. Na taɓa ganin wanda ya ci Turanci, ya ci PLAB ta ɗaya (kashin farko na jarrabawar ilimin likitanci da GMC ke yi wa likitocin da suka yi karatu a waje), yana jiran a tantance takardar digirinsa daga jami'ar da aka rushe, sai wa'adin Turancin ya ƙare, ya koma farko. Tun daga ranar nake lissafi daga ƙarshe: yaushe za a miƙa neman rajista, sannan mu sa ranar kowace jarrabawa.

PLAB ta biyu ce ta fi buɗe mini ido. A Manchester ake yin ta, tashoshi 16, kowace minti 8, inda 'yan wasan kwaikwayo ke zama a matsayin marasa lafiya. Wani ƙwararren likitan ciki ya kasa cin ta, alhali ya gano cutar a kusan kowace tasha. Da muka zauna bitar abin da ya faru, sai ya ce a inda ya yi aiki, mummunan labari iyali ake fara gaya wa, kuma tambayar mara lafiya ra'ayinsa kan magani tamkar nuna masa ba ka san aikinka ba ne. Can tausayi ne ya sa ake yin hakan. Nan kuma dole ka tambayi mutum me yake tsoro, me yake zato, me yake so a yi masa. Da na daina kiran tsohuwar hanyarsa kuskure, na riƙa cewa ɗabi'ar wani wuri ce, sai ya saki jiki. Ya ci a karo na biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne shekarun zaman jira. Mai neman mafaka galibi ba shi da izinin aiki har sai an yanke hukunci kan buƙatarsa, kuma hannun likita yana sanyi idan ya daɗe bai taɓa mara lafiya ba. Shi ya sa yanzu nake fara nema musu gurbin zama 'yan kallo a asibiti ƙarƙashin wani babban likita, ko da rana ɗaya ce a mako.

Akwai wata likitar yara da ta zo ofis daga aikin dare a wani ɗakin ajiye kaya. Na ce mata, "Sannu da zuwa, Dakta, zauna." Ta tsaya ta dube ni, ta ce shekara huɗu ke nan ba wanda ya kira ta da wannan sunan. Ta zauna, ta ciro littafinta, muka fara da wasiƙar tura mara lafiya zuwa wani likita.