Godiya bayan Umara da ziyarar Ɗa'ifa

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, mun sauka lafiya a filin jirgin Malam Aminu Kano, mun iso ƙauyenmu na ƙasar Ringim. Ina faɗa ne, jikana yana rubutawa a wayarsa.

Godiya ta farko ga 'ya'yana da suka haɗa kuɗin Umara, suka ƙara da na motar Ɗa'ifa, alhali ba ta cikin tsarin tafiyar. Sun san a garin Ɗa'ifa na ci ƙuruciyata. Na shige shi ina saurayi, ɗan takari, zamanin Sarki Khalid na Saudiyya, ina kuma cikinsa a 1982 da Allah Ya yi wa sarkin rasuwa a can. Lokacin, in zafi ya tsananta, gwamnati kan taso ta tare a Ɗa'ifa, mu kuma mu samu abin yi. Nawa aikin tsinkar furen wardi ne a gonakin Hada da ke kusa da garin, tun asuba kafin rana ta taɓa shi, a kai a dafa cikin tukwanen tagulla a fitar da turare.

Allah Ya saka wa direban da ya hau da mu daga Makka. Hanyar tana murɗewa a jikin dutse, kunnena ya toshe, na ce masa ɗana tsaya, ya tsaya bai ɓata rai ba. Biran nan suna zaune a bakin titi suna jiran mai jefa musu abinci, ba abin da ya canja musu. Garin ya kai mita 1,800 a sama, shi ya sa na fito da bargo yara suna mini dariya. Akwatunan da ke yawo da mutane a jikin igiya kuwa na ce a kai kasuwa, ba da ni ba.

Layin da na zauna babu shi, benaye sun cinye. A masallacin Abdullahi ɗan Abbas bayan la'asar na ji wani dattijo yana waya da Hausa. Baba, na gode. Kai ka kai ni gidan Hajiyar da ta ciyar da mu tuwo bashi har a biya mu, ba ta taɓa rubutawa ba. Ta riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙan ta. 'Ya'yanta ba su san ni ba, Hausarsu ma rabi Larabci ce, amma suka kira ni Kawu, suka fasa mini rumman, suka hana mu tafiya sai da muka ci shinkafa da naman rago.

A gida kuma, ƙanena da maƙwabta sun yi gayya sun girbe mini gero, na tarar da dammuna a jere bakin rumbu. Malam Liman da 'yan rakiya, Allah Ya bar zumunci, Ya kira kowa.

Wanda zamzam da dabino ba su kai gare shi ba, ya leƙo zaure ranar Juma'a bayan an sauko, ya taho da ƙaramar kwalba.