Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Aikin Safiyo da Guguwar Rana

Assalamu alaikum 'yan uwa, makon jiya na tsaya ne a inda Oga ya fara sakar min na'urar GPS ta awon filaye, to bari mu ɗora.

Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne Oga baya yarda magariba ta same mu muna awo, ko fuloti biyu suka rage sai yace a naɗe kaya. Nace Oga ai na'urar nan ba ruwanta da duhu, yace yaro matsalar daga sama take. Saƙon tauraron ɗan adam kafin ya iso hannunka sai ya ratsa wani sashe na sararin sama mai cike da caji, mu kuma layin tsakiyar maganaɗisun duniya ta Najeriya ya bi, to bayan faɗuwar rana wurin nan hargitsewa yake sai lissafi ya riƙa rawa, kuma bikon ɗaya, wato alamar iyakar fili, ka kafa a karkace ka haɗa maƙwabta shari'ar da har jikoki sai sun gada.

Shi ya nuna min shafin hukumar NOAA ta Amurka, masu sa ido kan rana dare da rana. Akwai ma'aunin Kp mai nuna yadda maganaɗisun duniya ya hargitse, daga 0 zuwa 9, kullum bayan asuba sai na duba shi kamar yadda manomi ke duba hadari. Anan na gane idan rana ta yi walƙiyarta minti 8 ya isa hasken ya iso mu, babu wani gargaɗi, amma tarin burbushin da take amayarwa yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku a hanya, sai ya wuce taurarin ɗan adam da aka ajiye nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya sannan ake sanin ainihin ƙarfinsa, lokacin abin da ya rage bai wuce awa ɗaya ba.

Ranar Alhamis 9 ga Mayu 2024 NOAA suka fitar da gargaɗin guguwar rana, wato isowar wannan tarin burbushi, wani ƙaton baƙin tabo a jikin rana ya yi ta aman wuta. Muna da aikin wani Alhaji a ƙarshen makon, Oga ya buga masa waya yace ranka ya daɗe a ɗaga mana zuwa wani satin. Alhaji yace wace irin rana kuma, ba ita ce kullum take fitowa ba? Ya kashe waya cikin fushi. Da yammacin Juma'a guguwar ta iso, ta kai matakin G5, mafi ƙarfi a ma'aunin irin wannan guguwa, wanda rabon da a ga irinsa tun Oktoban 2003, a Amurka ma manoma masu taraktocin da GPS ke jagoranta dole wasu suka dakatar da shuka. Daren nan Oga ya bani labarin Maris 1989, da irin wannan ta kashe wutar lardin Kebek na Kanada awa 9.

Wallahi abin ya tsaya min a rai, jiragen sama da rediyo da aikinmu duk sun dogara da wannan ilimi amma a unguwarmu ba wanda ya taɓa jin labarinsa. Da na ji akwai cibiyar binciken sararin sama ta NASRDA, hukumar sararin samaniya ta Najeriya, a Anyigba jihar Kogi, sai na ƙudurta komawa makaranta in karanci fiziks. Saura tunkarar Baba da maganar, shi kuwa lissafin aure yake min. Yadda muka kwashe da shi sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.