Tashin helikwaftar rimot cikin tsananin sanyi

Duk shekara da zarar sanyi ya kankama zaka ga yawancin masu tashin helikwaftar rimot sun naɗe kayansu sun ɗora a kan kanta, wai sai gari ya yi ɗumi su dawo. Ni kam gaskiya bana cikinsu, kuma bana jin zan taɓa shiga, domin iskar da ake samu da safiyar sanyi babu irinta a duk shekara, kuma duk wanda ya taɓa ɗaga jirginsa a irin wannan safiyar ya san abinda nake nufi, jirgin yana zama daram a sama, farfela tana kama iska sosai, ƙararta ma daban take fita.

Kuma ba wai ji a jiki bane kawai, akwai dalili. Iska mai sanyi ta fi nauyi. A digiri 15 daidai da saman teku nauyinta kilo 1.225 ne a kowace mita kubik, in ta sauka zuwa sifili sai ya kai wajen 1.29, a digiri 10 ƙasa da sifili kuwa ya kai wajen 1.34, kusan ƙarin kashi goma cikin ɗari kenan. Toh farfela tana samun abin turawa da yawa, ɗan taɓa sandar rimot kaɗan sai kaga jirgi ya amsa. Amma fa wannan nauyin iskar shi ne kuma yake ƙara wa injin aiki, yana jan wuta fiye da yadda ya saba, a daidai lokacin da batir ɗin yake a mafi rauninsa, nan ne matsalar take.

Abinda nake so in faɗa a taƙaice shi ne batir da yatsunka su ne suke son ɗumi, shi kuwa jirgin kansa barinsa zakayi ya sha sanyi kafin ya tashi. Mutane da yawa juyawa suke yi, su fito da jirgi da ɗuminsa daga mota su kunna nan take, batura kuma suna zube a ƙasa tun ɗazu suna daskarewa.

Bari mu fara da batir tunda shi ya fi kayar da jirage. Batir ɗin LiPo, wato batirin litiyam da waɗannan jiragen suke amfani da shi, kowane sel (ɓangare) nasa in ya cika 4.2V ne, ƙa'idarsa 3.7V, wato mai sel shida in ya cika yana ba da 25.2V. In ya yi sanyi wutar tana nan a ciki bata je ko'ina ba, fitowarta ce take yin wuya, saboda sinadaran ciki sun yi nauyin jiki, sai ka auna a ƙasa kaga komai lafiya lau, kana ɗagawa ka buƙaci ƙarfi sai wutar ta faɗi warwas, na'urar da ke sarrafa injin ta ɗauka batir ya ƙare ta rage gudu ko ta yanke gaba ɗaya, kai kuma kana can sama wataƙila ma jirgin a kife yake. Shi yasa nake cewa a riƙe batura a wajen digiri 20 zuwa 30 har zuwa lokacin da za'a ɗaura su. Akwati mai riƙe zafi da ɗan abin ɗumama hannu a ciki ya wadatar, amma kar abin ɗumamawar ya manne da batir kai tsaye, a sa ƙyalle a tsakani. Wasu aljihun cikin riga suke sawa, yana aiki, sai dai don Allah a rufe bakin wayoyin kuma kar a haɗa da makulli ko wani ƙarfe a aljihu ɗaya, LiPo in ya kama da wuta ba abin wasa bane. In ka ɗaura ka tashi, minti na farko ka bi shi a hankali, ka ɗan yi shawagi sama sama, batir ɗin da kansa zai ɗumama kansa yana aiki. Sannan ka rage taima, wato agogon rimot da ke ƙirga maka lokacin tashi. Ko nawa ka saba yi lokacin zafi ka cire wani abu a kai, ka sauka ka auna abinda ya rage sannan ka daidaita, dokar nan ta kar a sha fiye da kashi 80 na batir tana nan bata canza ba.

Wani abu kuma da bana ɗaga ƙafa a kansa, kar a yi cajin LiPo yana ƙasa da digiri sifili. Sinadarin litiyam yana taruwa ya zama ƙarfe a cikin sel ɗin, wannan lahanin baya gyaruwa, kuma ba zaka gani da ido ba sai daga baya batir ya kumbura ko ya yi abinda ya fi haka muni. In dole sai ka yi caji a fili toh ka tabbata batir ɗin da ɗuminsa.

Yanzu jirgin. Ƙwaƙwalwar da ke daidaita shi, ko VBar ce ko BeastX ko Spirit, tana da jairo a ciki, wato abin da ke auna juyawar jirgi, kuma a lokacin da ka haɗa wuta ne take koyon menene tsayuwa cak. In ka kunna ta da ɗumin mota sannan ta ci gaba da yin sanyi a sama, awonta zai iya gocewa kaɗan kaɗan kaga jela tana jan gefe ko jirgi yana karkata ba tare da ka taɓa komai ba. Sababbin na'urori sun fi na da jure wannan sosai, amma me zai rage ka in ka ajiye shi a waje minti goma sha biyar kafin ka kunna? A wannan jiran ne ma zaka duba bel ɗin jela, wanda yake bi ta cikin bututu yana juya farfelar baya, domin bututun jela in na alminiyam ne yana tsukewa da sanyi fiye da bel ɗin, alminiyam yana raguwa da wajen 0.023 na milimita a kowace mita kan kowane digiri ɗaya, kenan bututu mai santimita 80 da ya fito daga ɗaki mai digiri 20 zuwa 10 ƙasa da sifili ya rasa kusan rabin milimita, zaka ce ai ba komai bane amma ya isa bel ya saki ya tsallake haƙori, kuma helikwaftar da ta rasa jela juyi kawai zata kama yi har ƙasa. Bututun kabon bashi da wannan matsalar sosai. Busasshiyar iskar sanyi kuma tana sa bel ɗin ya tara lantarkin gogayya, irin wanda yake ɗan fizgarka in ka taɓa ƙarfe, yana iya rikita na'urori na ɗan lokaci, ɗan feshin silikon a bel da haɗa bututun da jikin injin da siririyar waya yana maganin abin.

Robobi su ma suna ƙagewa. Ƙafafun sauka da giyar roba da murfin gaba duk sun fi saurin tsagewa, saukar da lokacin zafi zaka yi ka share ka ci gaba yanzu sai ta karya maka ƙafa, giris ma yana kauri saboda haka a motsa sandunan rimot a ga komai yana tafiya sumul kafin a ba shi wuta. Masu injin naitiro kuma, wato wanda yake ƙona man metanol maimakon batir, sun san wahalar tayarwa, metanol baya son zama tururi cikin sanyi, sai an ɗumama kan injin an sa filogi mai kyau, kuma tunda iska ta ƙaru dole a ɗan buɗe allurar kafireta a ƙara mai in ba haka ba injin ya ci kansa.

Sai yatsu, kuma wallahi wannan ya fi damuna fiye da duk sauran. Helikwafta mai girman 700, wato mai fiffiken farfela wajen milimita 700, farfelarta tana juyawa wajen sau dubu biyu a minti, bakinta yana gudun sama da kilomita 500 a awa, kuma abinda ke riƙe da wannan duka shi ne motsin milimita ɗaya ko biyu na ɗan yatsanka. Sanyi baya sanar da kai ya ɗauke maka ji, kai dai kana ganin kamar kana lafiya alhali amsar da kake bayarwa ta fara makara, kuma yatsan da zai buga makunnin kashe injin in abu ya ɓaci shi ma ya yi nauyi. Safar hannu mai kauri bata yi, bazaka ji sanda ba. Akwai jaka ta musamman da ake saka rimot da hannaye duka a ciki mai leda a sama kana ganin allon, ita ce ta fi, sai dai a gwada ta a gida tukunna a tabbata bata taɓa makunnai. A rufe ƙirji da kai da wuyan hannu da kyau domin in jiki ya ji sanyi jinin da ke zuwa yatsu yake fara ragewa. Da ka ji yatsa ya fara mutuwa ka sauka, ko da batir bai yi rabi ba.

In akwai dusar ƙanƙara a ƙasa a zo da katako ko tabarmar roba a tashi a kai, in ba haka ba iskar farfela zata tayar da ita ta shiga cikin na'urori ta narke ta zama ruwa. Farin murfi a kan farin fili da sama mai toka toka ɓata yake yi, ka kasa gane ina gaba ina baya, a sa mai ruwan lemo ko kore mai haske, a kuma juya wa rana baya don ƙasa ƙasa take tafiya a wannan lokacin. Ranar da kuwa aka tashi da hazo mai laima ga sanyi ƙasa da sifili, toh da muguwar rawa gara ƙin tashi, ƙanƙara tana iya kama gefen farfela tana juyawa ta canza mata siffa. Irin wannan ranar ta zama ce a kunna manhajar koyon tashi irin RealFlight ko neXt a kwamfuta a yi ta maimaita saukar da ake yi ba tare da injin ba, ko a ɗauki ɗan ƙarami irin OMP M1 a nemi babban ɗakin wasanni.

In an dawo gida kar a shigo da jirgi mai sanyi kai tsaye cikin ɗaki mai ɗumi a buɗe, raɓa zata kwanta masa har cikin na'urori. A bar shi a rufe cikin jakarsa ya ɗumama a hankali, a goge ƙarafa a ɗiga mai a inda ya kamata, kar a haɗa masa wuta sai ya bushe sarai. Bel ɗin da ka ɗaure a fili ka tuna ka sassauta shi don bututun zai koma tsayinsa ya ja shi fiye da kima, batura kuma in sun dawo ɗumin ɗaki a sa su a wajen 3.8V kowane sel in ba gobe za'a sake fita ba.