Falwaya a ƙofar gida, aci-balbal a ɗaki

Daga Nairobi, babban birnin Kenya, muka tashi da sassafe muka nufi Kisumu, ta Naivasha da Nakuru da gonakin shayin Kericho. Wajen Naivasha ɗin ne Olkaria take, inda suke samar da lantarki da tururin da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, tun 1981 suke abun nan. Ni dai barci na sha har Kisumu, washegari muka hau mota zuwa Siaya, daga nan kuma sai babur don hanyar ta ƙare.

Abun da ya fara ɗaure min kai a ƙauyen shi ne ga taransfoma ga falwaya jere, waya ta ratsa ta saman rufin mutane, amma da magariba ta yi gidajen da suka kunna ƙwai ƙalilan ne. Wani dattijo da muka sauka wajensa ya nuna min wayar da sandarsa, ya ce shekara da shekaru yana kallonta tana wucewa, kuɗin jawowa ne babu, in ma ka jawo ga wayarin ɗin ɗaki ga katin mita kullum. A 2015 gwamnatinsu ta fito da shirin Last Mile ta rage kuɗin haɗawar, kuma gaskiya an ci gaba, a 2010 kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wuta a ƙasar, yanzu ana maganar uku cikin huɗu. To amma dai. Shi dattijon ɗan ƙaramin sola ya kafa a rufi, ƙwai uku da rediyo da wajen cajin waya, yana biya kaɗan-kaɗan ta M-Pesa, wato tsarinsu na tura kuɗi ta wayar hannu, ranar da bai biya ba abun ya kulle kansa.

A wannan yankin ne ma, Siaya da Busia, masana daga jami'ar Berkeley ta Amurka suka yi bincike, aka jawo wa wasu gidaje wuta da rangwame, da aka koma daga baya ba a ga wani canjin a zo a gani ba a abun da suke samu. Da farko na ji abun banbarakwai, amma da na zauna a gidajen na gane, mutumin da ba shi da firij ba shi da inji wuta me za ta yi masa banda haske?

Inda na ga aikinta da idona shi ne 'yar kasuwarsu. Mai walda yana ta haɗa ƙofofi, injin niƙa na ta ƙugi, aski da kilifa, ga bohol da famfo ke tura ruwa tanki mata na tara jarkoki babu zuwa rafi. A ƙaramin asibitinsu kuma, ma'aikaciyar ta buɗe min firij ɗin allurar rigakafi, ta ce da can in haihuwa ta zo da dare da tocilan take karɓa, wani lokacin ta riƙe ta a baki don hannayenta biyu suna aiki. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Ni a ganina nan ya kamata waya ta fara sauka kafin a bi gida-gida ana ƙirga mita don a cika rahoto.

Da za mu tafi ruwa ya sauko, aka ɗauke wuta, mai walda ya ajiye kayansa ya ce wani sa'in sai ta kwana biyu kafin masu gyara su iso, saboda motarsu ba ta iya shigowa ta wannan taɓon. Mu ma sai da muka tura babur har bakin kwalta.