Sallama daga asibiti ba ita ce ƙarshen jinya ba

Wata uku na yi a gadon asibiti bayan hatsarin mota, mako biyu na farko ban ma san inda kaina yake ba. Ranar da aka sallame ni na ɗauka wahala ta ƙare. Ashe a gida ne zan tafka kurakuran da nake so ku ji, ƙannena, domin kowannenku akwai ranar da wani abu zai ɗauke shi ya jijjiga shi, ciwo ne ko doguwar tafiya ko ma abin farin ciki, sannan ya dire shi a ƙofar gidansu.

Na dawo da wani irin girman kai wanda ni a lokacin hikima nake kiransa. Gani nake na leƙa lahira, na san abin da sauran mutane ba su sani ba. Idan matata ta ce famfon banɗaki yana yoyo, sai in yi murmushi in ce, "Haba, mai rai da lafiya har ya damu da famfo?" Na yi ta irin wannan magana har ta daina faɗa mini komai.

Wani dare na taso shan ruwa, na same ta zaune a ƙasan kicin. Ta baje takardun kuɗin asibiti da na makarantar yara, tana lissafi da biro a bayan ambulan, tana goge ido da bayan hannu. A daren ne na fara tambayar ta yadda ta yi wata ukun nan, bayan wata biyu cur da dawowata. Ita ce ta riƙa kwana a kujera a bakin ɗakin kulawa ta musamman. Ita ta sa hannu a takardar tiyata. Ita ta riƙa ce wa yara Baba ya kusa dawowa, alhali likita bai ba ta tabbacin zan kai safiya ba. Duk ina kwance ban sani ba. Amma da na farfaɗo, ni aka riƙa yi wa sannu, ni nake ba da labari, ita kuma tana kawo wa baƙi ruwa. Daga baya na ji cewa tun a 2010 likitocin wannan sashe suka sa wa matsalolin da ke bin majiyyaci gida suna PICS, wato raunin jiki da mantuwa da fargaba, kuma suka ware reshe guda don iyalinsa, saboda su ma suna fita da nasu tabon. Don haka idan kun dawo daga naku, kafin ku buɗe baki ku ba da labari, ku tambayi waɗanda kuka bari yadda suka ƙare.

Sai gaggawa. A mako na uku na rubuta takardar ajiye aiki, wai rayuwa ta fi ƙarfin zaman ofis. Zafin niyyar nan da nake ji a ƙirji, na zaci zai dawwama. Kafin wata huɗu ya huce, na koma jin haushin cunkoson hanya kamar kowa, ga shi ba albashi. Har na riƙa zargin kaina da butulci, wai na manta darasin da na koya. Ba butulci ba ne, haka zuciya take, ba ta iya zama a tsaye kullum. Buzz Aldrin, mutum na biyu da ya taka duniyar wata a Yulin 1969, ya dawo aka zagaya da shi ƙasashe ana tafi. Da tafin ya lafa sai baƙin ciki da giya suka kama shi, har ya koma sayar da motoci, bai rabu da kwalba ba sai 1978. Shawarata: wata shida na farko kada ku ajiye aiki, kada ku sayar da kadara, kada ku yanke zumunci da kowa. Ku rubuta niyyar a takarda ku ajiye. Wadda ta gaskiya ce za ku same ta tana nan.

Batun labari kuwa, karo na uku da na maimaita wa abokina, na ga idonsa ya koma kan waya, na yi fushi na mako guda. Bai yi laifi ba, bai je inda na je ba. Wanda ya iya saurare na har ƙarshe wani dattijo ne da muke haɗuwa a wajen gashin ƙashi, shi ma da ƙarfe a cinyarsa. Ku nemi irinsa, ku sauke masa, sauran mutane ku bar su da gajeriyar amsa.

Famfon nan kuwa, washegarin daren na kira mai gyara. Wata 'yar roba ce ta cinye, minti goma ya yi ya sauya ta, bayan matata ta yi wata biyar tana tara ruwa a bokiti.