Abin da aka bari sai ƙarshe a kwafin DNA shi ke karyewa

Kafin ƙwayar halittar ɗan Adam ta rabu biyu, sai ta kwafe haruffan DNA kusan biliyan 6 cikin kimanin awa 8, wato lokacin da ake kira zangon S. Bakin kwafi, inda igiyoyi biyun da suka haɗu suka yi DNA ke warwarewa, ba ya wuce harafi 1,000 zuwa 2,000 a minti. Kuromosom na 1 kaɗai yana da haruffa kusan miliyan 248. Da daga wuri guda za a fara, baki biyu na tafiya hagu da dama, da sai an haura kwana 40. Shi ya sa ƙwaya ke tayar da mafari, wato wuraren fara kwafi, dubu 30 zuwa 50, kuma ba a tare suke tashi ba.

Tun a zangon G1, wanda ke gabanin S, ake ɗora zoben MCM, furotin mai warware igiyoyin, a kan kowane mafari, da taimakon wasu furotin, ORC da Cdc6 da Cdt1. Zoben na nan kwance har sai inzayim biyu, DDK da CDK, sun tashe shi. A yankunan da za su jira, furotin Rif1 kan jawo inzayim PP1 ya goge alamar tashi da DDK ya sa wa zoben. Sassan da ke a sake, masu yawan ƙwayoyin gado (gene) da haruffan G da C, su ke fara shiga layi. Waɗanda suka cure a jikin bangon cibiyar ƙwaya su ne 'yan baya, haka ma kuromosom X ɗin da aka rufe a jikin mace.

Auna wannan tsari ba wuya: a ba ƙwayoyi BrdU, sinadarin da ke shiga sabon DNA yayin kwafi, na awa 2, a ware na farkon S da na ƙarshensa bisa yawan DNA ɗinsu, a kamo igiyoyin da suka sha BrdU, a karanta jerinsu, a gwama. Inda aka fi yin kuskure wajen warewar ne, domin in rukunin biyu suka cakuɗe, bambancin sai ya dushe.

Ana yawan cewa yankunan da ke jinkirin kwafi su ke karyewa. Amma jinkiri kaɗai ba ya karya kuromosom, kuma nan ne nake ganin ake yawan gajarta bayani. Dubi FRA3B, wurin da ya fi saurin karyewa a fararen ƙwayoyin jini, wanda ke cikin ƙwayar gadon FHIT a kuromosom na 3. A tsakiyarsa akwai fili mai haruffa kusan 700,000 da mafari ya yi ƙaranci ainun. Dole bakin kwafi biyu su taho daga gefe, kowanne ya ci 350,000, tafiyar kusan awa 3 in komai lafiya. Ɗiga ɗan afidikolin kaɗan, sinadarin da ke rage saurin kwafi, gudun ya ragu da rabi, tafiyar ta koma awa 6, ga shi babu mafarin ajiya a tsakiya da zai kawo ɗauki. Ƙwaya ta shiga rabuwa da aiki a hannu: igiyoyin na maƙale, a ja su kamar zare tsakanin sababbin ƙwayoyin biyu, su tsinke. A 2011 aka nuna cewa a ƙwayoyin fibiroblas, irin na ƙarƙashin fata, inda filin nan ke da mafari, FRA3B bai cika karyewa ba. Jerin haruffan ɗaya ne, tsarin aikin ne ya bambanta. FHIT da wata ƙwayar gadon, WWOX ta kuromosom na 16, suna cikin waɗanda aka fi samu da giɓi a ciwon daji.

Tasirin bai tsaya kan mutum ɗaya ba. Binciken da aka buga a 2009 ya gwama DNA ɗin mutum da na birin cimfanzi, ya tarar bambancin haruffa ya ƙaru da kashi 22 cikin ɗari daga yankunan farko zuwa na ƙarshe, bambancin da ke tsakanin mutane kuwa da kashi 53. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne gyara: tsarin da ke bin bayan kwafi yana cire harafin da bai dace ba ya fi ƙwazo a yankunan farko. A 2015 an ga cewa a ciwon dajin da wannan tsarin ya lalace, bambancin farko da ƙarshe kusan ɓacewa yake.

Don haka duk mai lissafin saurin sauyin ƙwayar gado, ko mai neman wadda ke haddasa daji, ya fara duba lokacin kwafinta. Doguwar ƙwayar gado mai jinkiri za ta tara sauye-sauye ko da ba ta da hannu a cutar.